Yadda Ake Tsara wa Ƙananan Yara Dogon Hutu a Cikin Gida: Jagora ga Iyaye Mazauna Makka, Jidda da Madina

Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen watan Yuni, tambayar da iyaye mata ke ta maimaitawa ɗaya ce: yaya za a yi da yaran nan har kusan wata biyu, a ciki biyu da falo, ga rana ba ta fituwa? Tambayar tana bisa hanya. A Makka zafin bazara yakan haura digiri 45, a Jidda kuma ga zafi ga gumi. Hukuma da kanta tana hana ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, balle yaro ɗan shekara huɗu. Kuma nan babu tsakar gida irin ta Kano ko Damagaram da za a sake su su yi ta guje-guje a inuwar darbejiya.

Matakan da ke ƙasa an yi su ne domin yara 'yan shekara 2 zuwa 9. A bi su a jere. Wanda ya tsallake na ɗaya ya faɗa sayen kayan wasa, kuɗinsa kawai zai ƙone.

1. Fara da gyaran barci

Abin da ke lalata hutu a Hijaz, wato yankin Makka, Jidda da Madina, shi ne juyewar dare da rana. Mako guda ya isa yaro ya koma barci bayan asuba, tashi bayan la'asar. Wanda ya tashi ƙarfe huɗu na yamma ba zai zauna ya yi zane ko karatu ba, sai rigima da neman waya har gari ya waye.

Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini, har da na rana. Ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Lokacin tashi ake fara kafewa, ba na kwanciya ba, domin ana iya tashin yaro amma ba a iya tilasta masa barci. A tsayar da lokaci ɗaya, misali ƙarfe takwas na safe, a riƙe shi har ranar Juma'a da Asabar. Da ya tashi a yaye labule haske ya shigo, a ba shi karin kumallo nan take.

Idan barcin ya riga ya juye, a riƙa janyo lokacin tashin da rabin awa zuwa awa ɗaya kowace rana har a iso inda ake so. Barcin rana kada ya wuce awa ɗaya da rabi, kuma a tashe shi kafin kiran la'asar.

Gargaɗi: kada a hana yaro barci yini guda cur da nufin a gyara a dare ɗaya. Zai ɓingire da magariba, ya farka ƙarfe ɗaya na dare garau, an koma gidan jiya. Shayi da lemon kwalba baƙi kuma a daina ba su daga la'asar, sinadarin da ke cikinsu yana korar barci. Maigidan da ke dawowa daga shago tsakar dare shi ma sai ya haɗa kai. In ya shigo da leda yana ta da su don su gaisa, aikin mako guda ya rushe. Ya ajiye tsarabar sai da safe.

2. Raba yini da kiran salla

Ƙaramin yaro bai san ƙarfe goma ba, amma ya san ladan. A watannin nan azahar a Makka takan kama wajen 12:25, la'asar wajen 3:45, magariba wajen 7:00, isha'i wajen 8:30. Da wannan ake yanka yinin:

Daga tashi zuwa hantsi: karin kumallo, wanka, karatu. Lokacin ne kan yaro ya fi ɗauka.
Hantsi zuwa azahar: aikin hannu, sannan wasan motsa jiki.
Azahar zuwa la'asar: abinci, barci ko zaman shiru.
La'asar zuwa magariba: halakar Alƙur'ani, wato zaman karatu a masallaci, ga manyansu, wasan ruwa ko taya aiki ga ƙanana.
Magariba zuwa isha'i: fita in akwai hali, ko tatsuniya.
Bayan isha'i: shirin kwanciya.

A samo faffaɗan kwali a zana wannan da hotuna, ba da rubutu kaɗai ba: kofi alamar karin kumallo, littafi, almakashi, gado. Yaran su shafa masa launi da kansu, a manna shi a ƙofar firji daidai tsayinsu. In yaro ya zo yana "Umma me zan yi?", sai a ce ya je ya duba allo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cika jadawalin maƙil. Ɗan shekara uku da wuya ya zauna kan abu ɗaya fiye da minti goma zuwa sha biyar, ɗan shekara bakwai kuwa yakan kai rabin awa. Ayyuka biyu da aka shirya a yini sun wadatar. Sauran lokacin a bar su su ƙirƙiro nasu, ko da za su ɗan yi ƙorafin gundura. Ba laifi ba ne yaro ya rasa abin yi na minti ashirin.

3. Keɓe ɗaki ɗaya, a tsabtace shi daga haɗari

A zaɓi ɗakin da na'urar sanyaya iska, wato mukayyif, ta fi aiki, a mai da shi wurin zaman rana na kowa. Ya fi sauƙin sa ido, kuma ya fi sauƙi ga aljihu: kuɗin wuta na gidaje halala 18 ne (halala ɗari ce riyal ɗaya) kowane yunit har zuwa yunit 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30. A saita na'urar a digiri 24, a wanke matatar ƙurarta duk mako biyu, in ba haka ba sai tari da mura su biyo baya.

Sai babba ya durƙusa ya zagaya ɗakin da rarrafe, ya ga abin da yaro ke gani. Abubuwan da za a nema:

Soket da wayar jona. A toshe wanda ba a amfani da shi, a ɗage cajar waya.
Taga. A janye gado da kujera daga gindinta. Ragar sauro ba ta riƙe nauyin yaro, musamman a bene.
Filas ɗin shayi da butar gahawa. Kada a ajiye su a ƙasa ko kan sufura, wato ledar da ake shimfiɗawa a ci abinci, yaro mai rarrafe yakan ja ledar duka ta zubo masa.
Kaskon turaren wuta. A yi turare kafin yara su shigo, a fitar da garwashin gaba ɗaya.
Kabad mai tsawo da talabijin. A ɗaure su da bango.
Magunguna da kayan wanke banɗaki. A kulle su a sama. Kada a taɓa juye su a robar ruwa ko ta lemo, kuma kada a haɗa Clorox da Flash, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum.

Gargaɗi mai nauyi: ƙaramin batir mai faɗin kwabo, irin na rimot da makullin mota da carbin lantarki da kayan wasa masu ƙyalli. In yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu. Ba a jira a ga alama, ba a sa shi amai, asibiti ake nufa nan take. Haka ma ƙananan mayen ƙarfe in ya haɗiye. A rubuta lambobin nan a jikin allon jadawali: 997 motar asibiti, 998 'yan kwana-kwana, 911 lambar gaggawa ta bai-ɗaya a yankin Makka har da Jidda da Ɗa'if, 937 don neman shawarar likita ta waya.

4. Haɗa akwatin kayan aiki

Ba sai an je manyan kantuna ba. Shagunan Abu Riyalain da Abu Hamsa na unguwa, wato masu sayar da kayan riyal biyu da na riyal biyar, suna da kusan komai, kuma riyal sittin zuwa tamanin sun isa yara uku har ƙarshen hutu in an iya tattali. A sayo bandir ɗaya na farar takarda, fensir masu launi, almakashi mai dakusasshen baki na yara, gam na sanda, salatif na takarda mai faɗi guda biyu, kalar abinci launi uku, da ledar sufura. Takardar ce za ta fi cin kuɗi, wajen riyal ashirin. Sauran duk 'yan riyal biyu zuwa biyar ne.

Abin da ya fi waɗannan amfani kyauta ne. A roƙi mai bakala, wato ƙaramin shagon unguwa, manyan kwalaye. A fara tara murafun robar ruwa, kiret ɗin ƙwai na kwali, robobin zabadi (kindirmon kanti), ƙwallon dabino da aka wanke aka shanya, tsofaffin safa, da ƙyallayen da suka rage wajen tela.

Daga nan a tattaro duk kayan wasan da ke gidan, tsoho da sabo, a raba su kashi uku a kwali uku. Ɗaya a ƙasa, biyu a saman kabad. Duk ranar Asabar a sauya. Motar da yaro ya yi mako biyu bai gani ba, in ta dawo sai ya karɓe ta da murna. Zube masa komai lokaci guda shi ke sa ya watsar ya ce ba shi da abin wasa.

Gargaɗi: in akwai ɗan ƙasa da shekara uku a gidan, duk abin da zai iya wucewa ta cikin kwalin da ake naɗe takardar banɗaki a kai zai iya shaƙe shi. Murfi, ƙwallon dabino, duwatsun ado, da fasasshen balan-balan, sai in yana barci za a fito da su, kuma a ƙirga su kafin a mayar. Ƙananan ƙwallayen nan masu launi da ke kumbura a ruwa kuwa kada ma su shigo gidan, a ciki suke ci gaba da kumbura.

5. Ayyukan hannu

Kwaɓin fulawa. Shi ne ya fi riƙe yara, daga ɗan shekara biyu da rabi har ɗan takwas. A auna fulawa kofi 2, gishiri mai laushi kofi 1, man girki cokali 2 babba, ruwan ɗumi kofi 1. A gauraya fulawa da gishiri tukuna. A ɗiga kalar abinci a cikin ruwan, ba a kan kwaɓin ba, in ba haka ba launin zai fito dabbare-dabbare ya ɓata hannu. A zuba mai, sannan a riƙa tsiyaya ruwan kaɗan-kaɗan ana murzawa. Sau da yawa ba ya shanye kofin duka. A murza minti biyar zuwa goma har ya yi santsi ya daina kama yatsa. In yana danƙo, a barbaɗa fulawa. In yana tsattsagewa, a jiƙa hannu a ci gaba da murza, kada a kwara ruwa. A shimfiɗa sufura, a ba kowa curinsa da murfi da cokalin roba da muburgi. Iskar mukayyif tana busar da shi da wuri, don haka wanda ba a taɓawa a rufe shi da leda. In an gama a sa a roba mai murfi a firji, zai yi mako ɗaya zuwa biyu. Da ya fara tsami ko fumfuna a zubar.

In suna son abin da suka gina ya dawwama, a bar shi ya sha iska kwana biyu zuwa uku, ko a gasa a tanda da wuta kaɗan, digiri 100 zuwa 120, na awa biyu ko uku. Wuta mai yawa tana sa ya kumbura ya fashe, haka ma fulawar da aka riga aka sa wa sinadarin tashi. Kaurinsa kada ya wuce na yatsa.

Gargaɗi: gishirin da ke cikin kwaɓin nan ya yi wa cikin yaro yawa. Wanda har yanzu komai baki yake kaiwa, a yi masa nasa daban da fulawa da mai da ruwa kawai, a zubar a ranar.

Fenti na ƙanana. Zabadi cokali uku da ɗigon kalar abinci biyu a kowace roba. A tuɓe masa riga, a zaunar da shi kan sufura ko a banɗaki, ya zana da yatsa. In ya lasa ba komai. A yi shi daf da lokacin wanka.

Bakala ta kwali. A kifa babban kwali ya zama kanta, a jera fankon kwalayen shayi da robobin da aka wanke, a rubuta wa kowanne farashi. A yanka takarda a yi riyal ɗaya, biyar, goma. Ɗaya mai shago, sauran masu saye. Ɗan shekara shida zuwa tara zai yi lissafin canji na awa guda bai san darasi yake yi ba. A sa sharaɗi: yau ciniki da Hausa, gobe da Larabci.

Dara. Kiret ɗin ƙwai mai cin talatin layi biyar ne sau shida, daidai gidajen dara ke nan, ba sai an haƙa rami ba. Ɗaya ya ɗauki ƙwallon dabino 12, ɗayan murafu 12. Za su riƙa sakawa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, ba a yarda a jera uku a lokacin sakawa ba. Sannan a fara matsawa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya cire ɗaya daga na abokinsa. Wanda 'ya'yansa suka kasa kai uku an cinye shi. Daga shekara shida ake fara ganewa. Wannan aikin Baba ne ko Kawu, kuma a riƙa bari yaro ya ci wani lokaci, in ba haka ba zai yi zuciya ya bari.

Shuka. A jiƙa hulba ko wake kwana ɗaya, a shimfiɗa auduga mai laima a robar zabadi, a zuba ƙwaya biyar ko shida. Hulba takan tsiro cikin kwana biyu zuwa uku, wake uku zuwa biyar. Kowane yaro da robarsa da sunansa, kullum da safe ya yayyafa ruwa cokali ɗaya ko biyu, ya auna tsawon da zare. Ruwa mai yawa shi ke ruɓar da ita. Kada a ajiye a bakin mukayyif, kada kuma a kai ta tagar da rana ke duka, yini ɗaya za ta ƙone.

6. Motsa jiki a cikin ɗaki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 1 zuwa 4 yana buƙatar motsi na minti 180 a warwatse cikin yini, daga shekara 5 kuma aƙalla awa ɗaya na wasan da ke sa haki. Yaron da bai samu wannan ba, a kan kujeru da ƙannensa zai huce.

Salatif na takarda shi ne babban makami a nan, domin yana ɓarewa bai bar tabo a tayil ba. A zana gidajen tsalle irin na birbir da 'yan matan Hijaz ke yi. A ja dogon layi a yi tafiya a kansa da littafi a ka. A zana titin mota daga falo zuwa kicin. A dunƙule safa ta zama ƙwallo a riƙa jefawa cikin kwandon wanki daga bayan layi. Langa ma tana yiwuwa in an ture kujeru, haka 'yar ɓuya da gaɗa. Kafet ko tabarmar roba a ƙasa, kuma a cire safa, tayil da safa su ne ke fasa haɓa.

A kula da maƙwabcin ƙasa. Tsalle-tsalle a yi shi tsakanin ƙarfe goma da azahar, ko bayan la'asar. Tsakanin azahar da la'asar mutane na ƙailula.

Gargaɗi kan 'yar ɓuya: a faɗa musu ƙarara cewa injin wanki, firji, akwati da kabad mai kulle kansa ba wurin ɓuya ba ne.

Wasan ruwa a banɗaki yana cinye awa guda cikin sauƙi: baho, kofuna, mazurari, soso, su wanke motocinsu da 'yartsanarsu. Amma ruwan famfo a bazara daga tankin saman bene yake saukowa, da rana yakan yi zafin da zai saɓule fatar yaro. A tari ruwan tun da asuba a bar shi ya huce, kuma kullum babba ya fara taɓawa da gwiwar hannu. Zurfinsa kada ya wuce tafin hannu. Ba a barin yaro shi kaɗai da ruwa ko na minti ɗaya, ba a kuma damƙa shi ga yayarsa 'yar shekara bakwai. An gama, a zubar a kife bokitin. In an samu ƙuna, ruwa mai sanyi-sanyi ake kwarara wa wurin na minti ashirin, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki. Saboda haka yana da kyau a ajiye jarka ɗaya ta ruwa a ɗaki mai sanyi.

Saman bene sai bayan la'asar sosai, da takalmi, da babba a tsaye, kuma a tabbata murfin tanki a kulle yake.

7. Sa su a aikin gida da kicin

Ɗan shekara uku zai iya haɗa safa biyu-biyu da kwashe kayan wasa. Ɗan biyar zai shimfiɗa sufura, ya tsince wake, ya jera cokula. Ɗan bakwai zuwa tara zai ninke kaya, ya yi shara, ya mulmula fura ko cincin, ya yanka ayaba da wuƙar roba. Maza da mata duka. Aikin ba zai yi kyau ba da farko, kuma in Umma ta sake yinsa a gabansu, gobe ba za su taɓa ba.

Abin da suka fi so shi ne ƙanƙarar gida: a markaɗa kankana ko mangwaro da zabadi, a zuba a ƙananan kofuna, a tsayar da cokalin roba a tsakiya, a sa a firiza awa biyar zuwa shida. Zoɓo ma yana yi.

Gargaɗi: suya da tafasa ba da yara a kicin ba, kuma hannun tukunya a juya shi ciki. Ga 'yan ƙasa da shekara biyar, inabi a tsaga shi ta tsawo gida huɗu, dabino a cire ƙwallo, gyaɗa da gugguru kuwa a dakata.

8. Karatu da harshe

Minti ashirin zuwa talatin da safe sun isa, kullum ban da Juma'a. A raba: tilawar abin da aka riga aka haddace, ƙarin aya biyu ko uku, sannan shafi ɗaya na karatu ko lissafi daga littafin ajin da ya gama. Hutu lokacin riƙe abin da aka samu ne, ba na tsere da manhajar baɗi ba. Yawancin masallatan unguwa suna buɗe halaka ta bazara, Masallacin Harami da na Annabi su ma suna da nasu, wasu makarantun gwamnati kuma suna buɗe kulob na hutu. A tambaya tun makon farko kafin gurbi ya cika. Tashar Ain ta ma'aikatar ilimi tana da darussan kowane aji kyauta ga mai son bita.

Sai maganar Hausa, wadda a ganinmu ita ce babbar ribar wannan hutu. Yaran da aka haifa a nan, daga unguwar Shari'a Mansur ta Makka har Karantina ta Jidda, Larabci suke yini da shi a makaranta da layi, har ta kai wasu suna jin Hausa amma ba sa mayarwa. Wata biyu a gida dama ce da ba a samu a sauran shekara. Kada a mai da abin faɗa ko gori. A ware lokacin da Hausa kaɗai ake yi, kamar wajen cin abincin rana da bayan magariba. In ya amsa da Larabci, a maimaita masa maganarsa da Hausa a wuce, ba tare da dariya ba.

Bayan magariba a rage fitila a ce "Ga ta nan, ga ta nan ku", a koya musu su amsa "Ta zo mu ji ta". Gizo da Ƙoƙi, kura da ɗan akuya, duk wadda aka tuna. A tsaya a tsakiya a tambaye su me suke jin zai faru. Washegari yaro ɗaya ya maimaita ta da bakinsa, ko su yi wasanta da safa a hannu a bayan kwali. A haɗa da kacici-kacici: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", tsintsiya. "Baba na ɗaka, gemu na waje", wuta da hayaƙi. Da karya harshe irin su "Turmi ture kura, kura ture turmi". Wadda tatsuniyoyinta suka ƙare ta kira Hajiya Kaka ko Gwaggo a gida ta bidiyo, sau biyu a mako. Saudiyya tana gaban Nijeriya da Nijar da awa biyu, tana gaban Sudan da awa ɗaya, don haka bayan isha'i a nan daidai wajen magariba ne a Kano. A sanar da ita tun da rana ta shirya tatsuniya ɗaya, in ba haka ba kiran zai ƙare a gaisuwa.

9. Ƙa'idar waya da talabijin

An bar wannan sai yanzu da gangan. Ƙwace waya ba tare da an tanadi abin da zai maye gurbinta ba, kuka kawai yake jawowa, kuma iyaye ne ke fara sarewa.

Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ga manyansu iyaye ne za su yanka, amma awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ma'auni ne mai kyau. A tsayar da lokaci ɗaya sananne, wanda ya fi dacewa shi ne lokacin da Umma ke girkin rana. Talabijin a falo ya fi waya a hannu, domin ana ganin abin da suke kallo. A kashe tsarin da ke kunna bidiyo na gaba da kansa. A saita iyaka da Family Link a wayoyin Android, ko Screen Time a iPhone da iPad, wayar ta rufe kanta, faɗan ya tashi daga kan uwa. A cire katin banki daga ma'ajiyar manhajoji, a rufe hira da baƙi a wasannin intanet. Saura minti biyar a sanar da su, kuma a riga an shimfiɗa abin da za a koma kai.

Gargaɗi: ban da allo awa ɗaya kafin kwanciya, ban da lokacin cin abinci. Kuma kada a ba da waya don a kashe kuka. Sau biyu aka yi, ya gane hanyar.

10. Karɓa-karɓa da fita

Uwa ɗaya ba za ta iya wannan kullum ba tare da ta gaji ba. Gida uku da suka yarda da juna su yi karɓa-karɓa: kowane gida ya ɗauki yaran awa biyu, rana ɗaya a mako. Kada su wuce shida ga babba ɗaya, a kuma faɗi tun farko wanda ba ya cin wani abu ko yake shan magani. Ƙofar ɗakin wasa a buɗe take koyaushe.

Fita sau ɗaya ko biyu a mako ta isa, bayan magariba: bakin teku a Jidda, hanyar ƙafa ta Ƙuba a Madina, ko lambun unguwa. Mai hali ya hau Ɗa'if yini ɗaya, can akwai sauƙin zafi. Ƙarfen lilo da na sulu yakan riƙe zafi har bayan faɗuwar rana, a taɓa kafin a ɗora yaro. A mota kuwa, a ƙirga yara wajen shiga da wajen fita, ba a barin kowa ciki ko da za a shiga bakala a fito ne.

11. Makonni biyu na ƙarshe

A duba kalandar ma'aikatar ilimi ta garinku, domin ranar komawa takan bambanta. A 2025 makarantun Makka, Madina, Jidda da Ɗa'if sun koma mako guda bayan sauran garuruwa. Saura kwana goma sha huɗu, a fara janyo lokacin tashi da minti 15 kowace rana, har ya iso lokacin da za a riƙa tashi don makaranta, a janyo na kwanciya daidai da shi. A ƙara zaman karatun safe zuwa minti arba'in, a rage allo zuwa rabi. A gwada rigar makaranta da takalmi tun yanzu, ƙafar yaro takan ƙaru a wata biyu, kuma shagunan kayan makaranta cika suke yi a makon ƙarshe. Ɗan da zai fara shiga aji a bana, a koya masa buɗe robar abincinsa, zuwa banɗaki shi kaɗai, da faɗin cikakken sunansa da lambar wayar mahaifinsa da ka.